A Saurari Malami Kafin A Kore Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan yadda ake gaggawar korar malami da zarar ya yi kuskure.

Na daɗe ina shugabancin makaranta kafin in yi ritaya. Wata malamar lissafi da muka yi aiki tare ta taɓa juya lambobi wajen cika sakamako, ta rubuta wa wata yarinya 38 maimakon 83. Yarinya ta koma gida da kuka. Washegari da sassafe sai ga uban a ofishina yana huci, wai lallai sai an sallami malamar. Na ɗauko takardar jarrabawar muka sake haɗa makin a gabansa, malama ta ba yarinya haƙuri a gaban 'yan aji, hannunta har rawa yake. Tun daga ranar ba ta ƙara miƙa sakamako ba sai wata ta duba mata, daga baya ma duk malamai suka ɗauki wannan tsarin. Da na biye wa fushin uban, da mun yi asarar wadda ta fi kowa iya koyar da lissafi a makarantar.

Kada a ce ina kare kowane malami. Wanda ya yi lalata da ɗaliba, ko ya sayar da maki, ko ya doki yaro har ya ji masa rauni, ganganci ya yi, kuma bai kamata ya sake riƙe alli ba.

Abin da ke damuna shi ne yanke hukunci kafin bincike. Yanzu ɗan guntun bidiyo ya isa: a saka a Facebook da safe, kafin yamma an ba mutum takardar kora don hukuma ta huta da surutu. Alhali tun 1966 UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da shawarwari kan matsayin malamai, inda suka ce a sanar da malami tuhumarsa a rubuce, a nuna masa hujjoji, ya kare kansa, kuma ya iya ɗaukaka ƙara. Ga shi UNESCO ɗin ta ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 nan da 2030. Wa zai shiga aikin da tuntuɓe ɗaya zai raba shi da abincinsa?

Ku ma 'yan jarida ina da roƙo gare ku. Idan irin wannan labari ya zo teburinku, ku tura wakili ya ji ta bakin malamin kafin ku buga hotonsa.

Naka,
Wani tsohon shugaban makaranta