Koken Iyaye Mata Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi Kan Safarar 'Ya'yanmu

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu ne iyaye mata na Aboabo, Asawase da Sawaba. Mun kawo kuka ne kan 'ya'yanmu da dillalai ke kwashewa zuwa ƙasashen Larabawa aikatau, da kuma waɗanda ake lalatawa a nan gida ana cewa a rufa asiri.

A cikinmu akwai mai koko da ƙosai da ta sayar da keken ɗinkinta ta cika wa dillali kuɗin fasfo. Ya zauna a ɗakinta, ya sha ruwanta, ya kira ta Mama, ya ce aikin kanti ne kuma albashi da dala. Ta Lome aka fita da yarinyar. Tana sauka maigida ya karɓe fasfo da waya. Sai bayan shekara biyu ta dawo, da leda ɗaya a hannu da tabon ƙuna a damtse, kuma har yau in namiji ya yi sallama a ƙofar gida sai ta shige ɗaki ta ja labule. Dillalin yana nan, da shi ake sahun gaba ranar Juma'a.

Doka kam akwai ta. Tun 2005 Ghana ta yi dokar hana safarar mutane, mai lamba 694, wadda ta yanke wa mai laifi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba. A 2017 gwamnati ta dakatar da ɗibar 'yan aikin gida zuwa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. 'Yan sanda suna da sashen yaƙi da safarar mutane, ga kuma DOVVSU, sashensu mai karɓar ƙarar cin zarafin mata da yara. Sai dai uwar da ba ta jin Turanci ba ta san ƙofar da za ta buga ba.

Duk ranar 30 ga Yuli, ranar yaƙi da safarar mutane ta duniya, muna ganin mawaƙa da 'yan fim a talabijin suna jan kunne. Allah ya saka musu, ba mu raina ba. Amma da Turanci suke yi, a manyan ɗakunan taro na Accra, shi kuwa dillali da Hausa yake zuwa har bakin gado. Yaranmu ba sa jin tamu yadda suke jin ta taurari. Yaron da ke yawo da rigar ɗan ƙwallo Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Accra, da budurwar da ba ta barci sai ta kalli fim ɗin Kano a waya, in wanda suke so ya dubi idonsu ya ce kar ki ba kowa fasfonki, zai zauna musu.

Don haka muke roƙon Sarki ya sa bakinsa ya gayyato 'yan ƙwallo da mawaƙa 'ya'yan Zango, da taurarin fim ɗin Hausa, su zo fili a nan Aboabo su yi magana da harshenmu, a watsa a rediyo. Mu in muka kira ba za su zo ba, kiran fada kuwa ba a ƙin amsa shi. A bar waɗanda suka dawo, in sun yarda, su faɗi abin da suka gani da bakinsu.

Kada a tsaya kan masu tafiya waje. A leƙa kasuwar Kejetia da dare a ga 'yan kayaye, 'yan mata masu dako da suka zo daga Arewacin Ghana, kwance a bakin shaguna sun tada kai da kwanon dakonsu, wasu da goyo. Akwai mazan da ke sayar musu da wurin kwana da mutuncinsu. Haka yarinya mai koyon ɗinki ko gyaran gashi da mijin uwar ɗakinta ke tare ta a lungu. Wannan ne ya fi ci mana rai, domin mu ma da hannunmu a ciki: sau nawa aka tara dattawa aka ba da haƙuri, aka miƙa ɗan kuɗin magani, maganar ta mutu?

Muna roƙo fada ta hana sasanta fyaɗe a zaure, duk wanda aka kawo a miƙa shi ga hukuma ko ɗan wane ne. A ba Magajiya rana ɗaya a mako ta saurari 'yan mata a keɓe, da mai raka su ofishin 'yan sanda ya yi musu tafinta. Kuma a umarci masu unguwanni su kawo sunan duk wanda ke karɓar kuɗin mutane da sunan biza, limamai su sanar a huɗuba.

A shirye muke mu zo gaban Sarki da shaidunmu duk ranar da aka ba mu.

Allah ya taimaki Sarki.

Iyaye mata na Aboabo, Asawase da Sawaba, Kumasi