Kar ka karɓi dogon sikin nan tukuna

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyi, ya aiki, ya iyali? Naga saƙonka tun shekaranjiya harda hoton sikin nan, wato dogon allon da ake ɗaurawa a ƙafa ayi zamiya a kan dusar ƙanƙara, da kace wani abokin aikinka zai bar maka, shi yasa nace bari in zauna in rubuto maka da ɗan tsawo don wallahi hankalina bai kwanta da shi ba. Santimita 185 fa aka rubuta a jikinsa, kai kuma tsawonka 172 in ban manta ba, gashi sau biyu kacal ka taɓa zamiya a kan dusar ƙanƙara. Dan Allah kar ka karɓa ko da kyauta ne, ba naka bane yanzu.

Ni irin wannan kuskuren nayi a farko. Na ɗauki wanda ya wuce kaina, kullum in nazo shan kwana sai inji bayansa ya maƙale kamar ana riƙe min ƙafa, cinyoyina suyi ta zafi tun kafin rana tayi tsaka, har na fara tunanin ko wasan ne bai karɓe ni ba. Ranar da wani mai koyarwa ya tsayar da sikin a gabana ya auna shi da fuskata, yasa aka canja min da wanda ya tsaya a haɓata, ranar na fara jin daɗin abin.

To awon haka yake, ka tsayar da shi a ƙasa a gabanka ka ga inda bakinsa ya kai. Sabon shiga tsakanin haɓa da hanci, wanda hannunsa ya faɗa daga hanci zuwa goshi, gwanaye kuma daidai kai ko ya ɗan ɗara. Kai kenan wajen 155 zuwa 160 zai maka. Gajere yafi saurin juyawa kuma yana yafe kuskure, dogo kuwa sai an bashi gudu yake nutsuwa, kai kuma ba gudu kake nema yanzu ba, birki da kwana kake koyo. Amma fa tsawon mutum kaɗai baya yanke hukunci, nauyi ma yana ciki sosai, don sikin nauyinka yake ji yana lanƙwashewa. Mai jiki ya ƙara kamar santimita 5, siriri ya rage. Yarinyarka in zata fara, nata ya tsaya tsakanin ƙirji da haɓa, kuma kar kace bari a sayo babba zata girma ta same shi, tsoro kawai zai sa mata ta tsani wasan.

Wataƙila mutumin naka zai ce ai da can dogaye ake hawa. Gaskiya ne, a da mutum ɗaga hannu yake sama a auna har wuyan hannunsa, mita 2 ba komai bane, saboda a miƙe ake yinsu. Daga shekarun 1990 aka koma masu faɗin baki da baya da siririn tsakiya, kamfanin Elan na Silobeniya na cikin na farko, kaga da ka ɗan kwantar da shi a gefe shi da kansa yake zana kwanar, sai tsawo ya ragu sosai. Ka duba jikin siki zaka ga R da lamba, wannan girman da'irar da yake yankawa kenan, kai ka nemi wajen mita 12 zuwa 15.

Abinda ya ƙara fahimtar da ni shine kallon 'yan gasa, mutum ɗaya amma kowane tsere da nasa. A dokar FIS, hukumar wasan siki ta duniya, tseren silalom da ake ta kwana kusa da kusa mafi ƙarancin na maza 165 ne na mata 155, zaka ga ƙaton namiji a kan wanda da ƙyar ya kai haɓarsa. Babban silalom, mai kwanoni nesa da juna, 193 ga maza 188 ga mata. Tseren gangara kuwa 218 ga maza 210 ga mata, da'irarsa mita 50, kuma dole ne, don a 2013 Johan Clarey ɗan Faransa ya kai kilomita 161.9 a awa a Wengen ta Suwizalan, a irin wannan gudun gajeren siki rawa zai kama yi a ƙarƙashinka. Masu tsalle daga tudu nasu ma fiffike ne kawai, har kashi 145 cikin 100 na tsawon mutum, kuma in nauyinka yayi ƙasa da ƙa'ida a rage maka tsawon, anyi hakan ne don 'yan wasa su daina horar da kansu da yunwa. Wannan dokar ina ganin girmanta.

Kace matarka tafi son na tafiya a fili cikin itatuwa ba gangara ba. Wannan lissafinsa daban ne kwata kwata, kar ku auna da haɓa. Na takawa a layi ana ƙara santimita 20 zuwa 25 a kan tsawonta, na turawa gefe da gefe 5 zuwa 15, kuma anan nauyi shine gaba da komai, saboda tsakiyarsa a ɗage yake kamar baka. Ta tsaya a kan duka biyun a daɓe mai santsi, ka zura takarda ƙarƙashin sikin daidai ƙafarta, ya kamata ta shige tana yawo, in ta ɗora nauyinta duka a ƙafa ɗaya kuma takardar ta kamu gam. In taƙi kamuwa yayi mata tauri, zata yi ta sulɓewa baya a hawa.

Na dusa mai zurfi da ba'a daddale ba, su masu faɗi ne kuma bakinsu ya ɗaga sama tun daga nesa, ɓangaren da ke taɓa ƙasa kaɗan ne shi yasa ake ƙara musu tsawo, amma wannan sai nan gaba muyi maganarsa.

Shawarata bana kayi haya kawai, yau 155 gobe 160 kaji bambancin a ƙafarka kafin ka saya. In sun tambaye ka nauyi da tsawo da shekaru da gwanintarka ka faɗi gaskiya, da shi suke saita maɗaurin takalmi yadda zai sake ka in ka faɗi, gwiwarka ce a ciki. Ka turo min nauyinka da na uwargida in ƙara dubawa, hular kwano kuma kar a bari a gida.

Ka gaida min ita da 'yar ƙaramar, Allah ya tsare.

Naka amini