Jikana na fari ya zo cikin hunturu, na rasa yadda zan yi da wankan jego

Assalamu alaikum Malama. Ya sanyi, ya ƙoƙari da jama'a? Allah Ya saka miki da alheri.

Ni mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, ina zaune a Zariya, na yi ritaya daga koyarwa a firamare. 'Yata ta fari, wadda kin san ba zan kama sunanta ba, ta zo gida goyon ciki kamar yadda aka saba, kuma Allah Ya sauke ta lafiya a asibiti cikin wannan wata na Janairu. Namiji ne, na samu sabon maigida, har tsohon ya fara ƙorafin an daina kula shi. An yi suna lafiya. Maganar cire belu ma uban yaron ya hana, wanzami ya yi aski kawai ya tafi.

Sanyin bana kin san shi. Da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa, hazo ya rufe gari har hantsi, ƙura kuwa ko an rufe taga sai an same ta a kan gado. Ƙafafuna duk faso, man kaɗanya ba ya kwana biyu a gidan nan. Itace da gawayi sun yi tsada, wutar lantarki sai ta ga dama. A cikin wannan hali nake riƙe da mai jego da jinjiri.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da cikin ya tsufa jininta ya hau, ƙafafunta suka kumbura. Ranar sallama likita ya ba ta magani, ya ce ta rage gishiri, kada ta sha kanwa, wanka kuma da ruwa mai ɗumi wanda jiki zai iya ɗauka. Ya ce in ta fara haki, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin ya dawo, a kawo ta ko da tsakar dare ne.

Ni kuwa Malama, duk haihuwar da na yi sai da na yi wankan jego cikakke. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ita ke dafa ruwa safe da yamma har arba'in, a tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa a fyaɗa a jiki, a fito a sha kunun kanwa da yaji. Ban mutu ba, kuma ba zan ce iyayenmu ba su san abin da suke yi ba. Amma na ga wata maƙwabciyarmu da ta kumbura bayan haihuwa, numfashi ya gagare ta, aka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara mata wuta da kunu, ba ta kai arba'in ba. Daga baya na ji cewa tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU da ke nan Zariya sun yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji da ɗaukar ciki kuma aikin ya yi mata yawa. Shi ya sa da likita ya yi magana ban yi musu ba.

Uwar mijin 'yata ce ba ta yarda ba. Mutuniyar kirki ce, ba mu taɓa samun saɓani ba tun daga neman aure, kuma shi ma wannan yaro jikanta ne na fari ta wajen ɗa namiji. Ta zo ta tarar na haɗa ruwan wanka, ta sa hannu a ciki, ta ce wannan ai ruwan wanke hannu ne. Washegari ta aiko da buhun gawayi, da gero, da kanwa, da wata tsohuwa 'yar uwarta da za ta zauna da mu ta riƙa yin wankan. Ta ce mace mai ɗanyen jiki a cikin wannan hunturu in ba a gasa ta ba ta nakasa ke nan har tsufa, kuma ruwan nono ba zai zo ba sai da kunun kanwa. Alhali yaron yana tsotsa yana ƙoshi da kunun gyaɗa da tuwon da nake ba uwar.

Yarinyar ba ta cewa komai, sai dai ta sunkuyar da kai. Mijinta a waya yana ce mini, Mama a bi maganar likita, amma a gaban mahaifiyarsa bakinsa ya mutu. Maigidana ya ce wannan sha'anin mata ne. Ya rage ni kaɗai, ni da al'ada ta ce in yi kawaici a kan 'yar fari, kada a ga na cika rawar jiki a kanta.

Sai kuma kaskon garwashi. Tsohuwar nan da an yi sallar isha'i sai ta shigar da shi ɗakin mai jego ta ja ƙofa. In ta yi barci in lallaɓa in fitar. Na san iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kisa ba tare da an ji wari ba, kowace shekara ana jin labarin waɗanda suka kwanta ba su tashi ba. Amma da na fitar sai ɗakin ya ɗau sanyi, yaron ya riƙa atishawa, hancinsa ya toshe, ita kuma da safe ta ce ai ga shi nan, na sa masa mura. Ina sa masa hula da safa da rigar sanyi, na mayar da wankansa zuwa hantsi, uwar tana kwantar da shi a ƙirjinta a rufe su da bargo kamar yadda malamar asibiti ta nuna mana. Shin wannan ya isa, ko akwai abin da zan ƙara? Kuma yaya zan bambanta toshewar hanci ta ƙura da ciwon da ya kamata a garzaya asibiti?

Babbar tambayata dai ita ce yadda zan tunkari uwar mijin. Yarinyar nan gidansu za ta koma bayan arba'in, a gida ɗaya suke zaune, ba na son ta koma da tabon cewa uwarta ta raina surukarta. Ba na kuma son in yi ƙarya in ce ana ba ta kunun alhali ana zubarwa, tsohuwar ma tana gani. Na yi tunanin in roƙi uwar mijin ta raka mu awon jini, ta ji daga bakin likita da kanta, sai dai ina tsoron ta ɗauka na kai ƙararta ne. Ko kuwa ɗan nata zan matsa wa ya yi magana? Ko in nemi wata babba a danginsu da take jin maganarta?

Don Allah in da hali ki gayyato likitar mata a shirinki, domin uwar mijin ma tana sauraren ki. Ranar Juma'a ta ce za ta dawo ta ga yadda wankan ke tafiya.

Na gode.

Taki,
Wata sabuwar kaka daga Zariya