A kawo ɗaliban muhalli bakin kogin Haɗeja

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka taimaka mini da ɗan fili in yi kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, da ta Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, da ta Bayero a Kano. Roƙona shi ne, duk ɗalibin da ke karatun muhalli ko agajin gaggawa ko sauyin yanayi, kada a ba shi digiri sai ya yi damina guda a cikinmu.

Ni manomin shinkafa ne a ƙasar Auyo. A 2022, shekarar da ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, ruwa ya shanye gonata shinkafa tana fidda kai. Ruwan da ke cin mu ba na samanmu kaɗai ba ne. Daga Kano yake tasowa, idan madatsun Tiga da Challawa suka tumbatsa, ya gangaro ta Wudil da Ringim. Yana isowa sai ya tarar yashi da ciyawar kachalla sun toshe masa hanya, ya fasa jinga ya shigo gari. Ita kuwa kachallar ta samu gindin zama ne tun da aka gina madatsun, ruwa ya daina ƙafewa da rani. A cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, su wayi gari a gonakinmu. Wanda bai taɓa tura kwalekwale cikinta ba, ta yaya zai ba da shawara a kanta?

Tun 1992 akwai dokar da ta ce kafin a yi babban aiki sai an auna illarsa ga muhalli. Duk da haka, an yi mana wata hanya aka sa mata ƙananan kwalbatoci, yanzu ita ke tare ruwa tana juyo shi gidajenmu. Da mai awon ya zauna da dagaci da dattawa, da sun nuna masa inda ruwa ke bi tun zamanin kakanninmu.

Kowace shekara hukumar NIHSA, mai lura da ruwan kogunan ƙasar nan, tana fitar da hasashen ambaliya, kuma muna ji a rediyo. Amma jin sunan ƙaramar hukuma bai isa ba. Muna buƙatar wanda zai ce ga unguwar da za ta fara nutsewa, ga makarantar da ke kan tudu, ga yadda za a tsare rijiyoyi kada amai da gudawa su biyo baya, kuma ya faɗa da Hausa.

Sannan a ware guraben karatu ga 'ya'yan Guri da Kirikasamma da Miga da Kaugama, musamman mata, domin idan an tara jama'a a sansani, akwai abin da matan aure ba za su iya faɗa wa namiji ba. Masauki da abincin ɗaliban kuwa, mu za mu ɗauki nauyi.

Naka,
Wani manomi daga Auyo, Jihar Jigawa