Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Kula da Kwamfutocin Ofis

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata sun gudana, kuma fuskokin da aka saba gani su aka gani.

Aikin da ya fitar da mu kunya bana shi ne bitar gyara saitin manhaja kafin a tura ta kwamfutocin ma'aikata. Ɗaki ya cika maƙil, har da waɗanda sai ranar rabon takardar shaida ake ganinsu. An fara da dokar farko: ba a taɓa fayil ɗin MSI na asali, wato fayil ɗin da ake saka manhaja da shi a Windows. A buɗe shi da Orca, manhajar gyara MSI da ke cikin Windows SDK (kayan aikin masu haɗa manhaja na Microsoft), a canja abin da ake so a teburin Property, a ajiye canjin daban a matsayin MST, wato fayil mai ɗauke da canjin kaɗai. Daga nan kowa ya gwada da hannunsa:

msiexec /i manhaja.msi TRANSFORMS=saiti.mst /qn /norestart /l*v aiki.log

Masu son rubuta saiti kai tsaye a layin umarni sun gani da idonsu cewa sai wanda sunansa duka manyan baƙaƙe ne ke karɓar canji, irin ALLUSERS=1 mai sa manhaja ta shiga wa kowa a kwamfutar. Sauran sai ta MST.

An daɗe a kan lambobin da ake samu bayan sakawa, kuma ya dace. Lamba 3010 ba matsala ba ce, aiki ya yi, sake kunna kwamfuta kawai ya rage. 1618 na nufin wata manhajar na kan shiga, a jira. 1603 kuwa ba ta faɗin komai, sai an buɗe aiki.log an nemo "Return value 3" an karanta layukan da ke samansa. Masu turawa ta Group Policy, tsarin Windows na sarrafa kwamfutocin ofis daga wuri ɗaya, sun gano abin da ya daɗe yana ba su wahala: dole hanyar fayil ta zama ta UNC (irin \\sabar\folda), a ba Domain Computers, wato rukunin kwamfutocin ofis, izinin karantawa, kuma a haɗa MST tun lokacin ƙara manhajar, domin daga baya ƙofar ta rufe. An kuma nuna gwaji da PsExec -s, mai gudanar da umarni a asusun SYSTEM na Windows kanta, saboda a wannan asusun duk saitin da aka rubuta a HKCU (sashen rajistar Windows na mai amfani) ba ya isa ga ma'aikacin.

Sai batun rumbun saituka da muka yi alkawari. Bai kammala ba, kuma kafin a fara ƙorafi a ji dalili. Na Office kaɗai aka gama, wato configuration.xml da ake kira da setup.exe /configure. Manhajojin EXE kowace da halinta wajen sakawa shiru, gwargwadon abin da aka haɗa ta da shi: NSIS na son /S da babban baƙi, Inno Setup na son /VERYSILENT. Ba ma saka abin da ba a gwada ba, ga shi tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai an sake gwada komai a Windows 11. Kwamfutar gwaji kuma da kuɗin wata-wata na mambobi za a saye ta. Ma'aji ya yi tuni har ya gaji. Wasu da suka ɗaga hannu za su yi gwaji ko waya ba sa ɗagawa, amma su ne kan gaba wajen tambayar ina rumbu.

Wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa. Wanda aka ba manhaja ya gwada kuma, ya zo da aiki.log ɗinsa.

Sakatare