'Yancin magana sai in bakinka ne ke motsi?

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan bani fili, akwai abinda ya daɗe yana cina a rai game da masu ihun 'yancin faɗin albarkacin baki, musamman turawan nan da kullum suke mana wa'azi akai.

A Janairun 2021, kwana biyu bayan magoya bayan Trump sun kutsa majalisar dokokin Amurka, Twitter ta rufe shafinsa. Mutanensa suka ɗora hannu aka, wai an toshe bakin shugaba, wai yanzu mutum baya iya buɗe baki sai ya tauna kalma sau goma kar a ce ya ɓata ran wani jinsi ko wata ƙabila, ƴan ɗaya ɓangaren kuwa suna ta tafi suna cewa ai kamfani ne mai zaman kansa, yana da ikon korar wanda yaga dama. To madalla. Elon Musk ya sayi kamfanin a 2022 kan dala biliyan 44, yana bugun ƙirji shi ɗan a-mutun 'yancin magana ne, ya maido da Trump, amma ko wata biyu ba'a yi ba ya dakatar da wasu ƴan jarida saboda labarin shafin dake bibiyar jirginsa. Nan take masu tafi suka koma kuka, masu kuka suka ari maganar "ai kamfaninsa ne". Wallahi kalmomin ma basu canza ba, bakunan ne kawai sukayi musaya.

Sai ga Satumban 2025 da aka harbe Charlie Kirk, wani fitaccen magoyin bayan Trump, a jihar Utah ta Amurka. Kisa dai kisa ne, ba mai hankalin da zai yi murna, amma waɗanda sukayi shekaru suna tsinewa korar mutum daga aiki akan rubutu ɗaya sune suka dinga farautar abinda mutane suka rubuta akan kisan suna kaiwa iyayen gidansu, har tashar talabijin ta ABC ta dakatar da shirin ɗan barkwanci Jimmy Kimmel na kusan mako guda kan abinda ya faɗa game da lamarin. Gwano dai baya jin warin jikinsa.

Faransa ma haka, a 2015 miliyoyi suka fito macin kare 'yancin magana bayan harin da aka kai mujallar barkwanci ta Charlie Hebdo, kwanaki kaɗan aka kama ɗan barkwanci Dieudonné kan abinda ya rubuta a Facebook.

Ni fa bance a bar kowa ya zagi uwar kowa ba, tunzura mutane suje suyi kisa daban, magana mai zafi daban. Abinda ya isheni shine in naka yayi ashar kace ai gaskiya ce mai ɗaci, in na wancan yayi irinta sak kace kalaman ƙiyayya ne a kamashi. Nima nan na taɓa kama kaina, wani ɗan siyasa da nake so ya saki wata baƙar magana nayi dariya harda turawa abokai, bayan sati abokin hamayyarsa ya rama da kusan irinta, sai gani ina rubuta "ina hukuma take?" Na kai rabi na tuna, kunya ta kamani na goge.

Naku,
Wani mai karatu