A Koya Wa Ɗalibai Miƙa Fankshin Cikin Fankshin Tun Da Wuri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin malaman kwamfuta na Sakkwato, daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo har ƙananan cibiyoyin koyo na cikin gari, kan darasin da ya kamata ya zo da wuri: yadda ake miƙa wa fankshin (guntun manhaja mai yin wani aiki takamaimai) gama-gari wani fankshin ya yi aiki da shi.

Fankshin gama-gari bai damu da irin kayan da aka ba shi ba. Ɗauki na jera kaya a misali: ya iya jerawa, amma bai san wanne ke gaba ba. Kamar ɗan dako ne a kasuwar albasa: zai jera buhuna, sai dai mai kaya ne zai ce a bi nauyi ko farashi. Wannan umarnin shi ne fankshin da ake miƙawa, kuma a cikinsa kuskure ya fi ɓuya.

A harshen C, fankshin jerawa mai suna qsort na karɓar abu 4: jerin, yawan kayan, girman kowanne, da fankshin kwatantawa. Na ƙarshen zai kwatanta kaya biyu, a da b, ya dawo da lamba ƙasa da sifiri idan a ne ƙarami, sifiri idan daidai suke, sama da sifiri idan a ne babba. Da yawa sukan rubuta a - b don sauƙi, alhali int (ma'ajiyar cikakkiyar lamba) mai bit 32 ba ya wuce 2,147,483,647. Cire -2,000,000,000 daga 2,000,000,000, lissafin zai yi ambaliya, jerin ya hargitse, kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Abin rubutawa shi ne (a > b) - (a < b).

Na C++ ya fi haɗari. Fankshinsa na jerawa, std::sort, na buƙatar <, ba <= ba, domin idan abu biyu daidai suke dole amsar ta zama a'a. Aka saɓa, zai iya zarce ƙarshen jerin ya karanta abin da ba nasa ba, manhajar ta tsaya cak. Abin takaici, a GCC (manhajar da ke fassara C++ zuwa harshen na'ura) jeri mai kaya 16 ko ƙasa da haka wata hanya yake bi, don haka gwajin aji da lamba biyar zai wuce lafiya lau. Malamai su sa a gwada da kaya 100 masu daraja ɗaya.

A Python kuwa, idan za a jera bisa tsawo, key=len ake rubutawa, ba key=len() ba; na farko miƙa fankshin ne, na biyu kiransa ne nan take. JavaScript ma, idan ba a ba sort mai kwatantawa ba, kallon rubutu yake yi wa lambobi, sai 10, 9, 1 su koma 1, 10, 9.

Shawarata, kafin ɗalibi ya taɓa waɗannan, a sa shi ya rubuta nasa fankshin jerawa guda, ya jera sunayen ƙananan hukumomin jiharmu 23 da shi sau biyu, da haruffa sannan da tsawon suna, yana miƙa masa fankshin kwatantawa daban kowane karo, ba tare da ya canza layi ko ɗaya a cikinsa ba.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja,
Sakkwato.